Likitan Bayan Labule

Litinin, 20 ga Nuwamba, 2000. Bayan la'asar.

Yau an rataya labule. Kore ne, mai zanen ganye. Dakta Wakili da kansa ya hau kujera ya ɗaura igiyar, ni kuma na riƙe masa kujerar kamar wawa.

Shekara uku ina ɗakin nan da injin sikanin. Ni ke kunna shi, ni ke goge shi, ni ke ɗora hannunsa a kan cikin matan Kaura da Zurmi da Shinkafi, in faɗa wa Dakta abin da ke ciki, shi kuma ya sa hannu a takarda. Yau an ce wurina bayan labule: in rubuta suna, in kira ta gaba, in tayar da janareta.

Dattawan unguwa ne suka zo masa ran Juma'a. Suka ce tunda Allah ya kawo mu zamanin Shari'a, bai dace namiji ya riƙa buɗe cikin matan mutane ba, in dai akwai mace. Ban ce sun yi ƙarya ba. Ni ma ina Gusau bara ranar da aka ƙaddamar, na yi kabbara har muryata ta dushe kwana biyu. To amma akwai macen? Akwai Sista Lubabatu, ungozomarmu, wadda ko inda ake kunna injin ba ta sani ba. Kuma kwas ɗin Zariya na wata uku, wanda Dakta ya yi shekara biyu yana ce mini "za mu duba", ita za a tura bayan Sallah. Wai ba su karɓar kowa sai mai takardar jinya ko ta hoton ƙashi.

Da ya sauko daga kujera ya ce, "Nagoggo, ka koya mata kafin ta tafi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, me marar takarda zai koya wa mai takarda?"

Ya ce, "Bakin nan naka zai kai ka inda ba ka so."

Ya kai ni. Bayan labule.

Laraba, da hantsi.

Babu kowa a benci, bari in rubuta tsanin da aka ce in hau, don in na mutu a san ba lalaci ya kashe ni ba.

Sai na samu kiredit biyar, har da fiziks. Makarantarmu ba mu taɓa ganin malamin fiziks ba, sai dai sunansa a jadawali. In na samu, sai in nemi makarantar hoton ƙashi, can kudu, shekara uku ko huɗu. In na gama, sai in yi wa wani aiki har hukumar masu hoto ta ba ni lasisi. Sa'an nan in je kwas ɗin sikanin, a koya mini inda kan jariri yake. Ni da na auna kai ya fi dubu biyu.

Shekarata ashirin da huɗu. Na ƙirga: sai na doshi talatin da biyu kafin a yarda in taɓa abin da na goge da safen nan.

Littafina na sikanin na fiddo na duba. A kasuwar Gusau na tsince shi wurin mai tsofaffin littattafai, babu bango, Turanci zalla, da hotuna baƙi da fari kamar hadari. Da ƙamus na cinye shi, shafi ɗaya a kwana uku. Duk gefen shafukan rubutuna ne da jan biro. Wannan ba takarda ba ce?

Ba ita ba ce.

Juma'a, bayan masallaci.

Sista Lubabatu ta tare ni a bakin randa. Mace ce mai shekara talatin da wani abu, 'yar Shinkafi, mijinta ya rasu ya bar mata yara uku. Ba ta taɓa yi mini komai ba. Wannan ma yana ba ni haushi.

"Malam Nagoggo, don Allah ka zauna da ni ko rabin awa. Dakta ya nuna mini sau biyu, amma ni hayaƙi kawai nake gani."

"Hayaƙin ne, Sista. In kin je Zariya za a ba ki takardar gane hayaƙi."

"Ba ni na ƙwace maka ba."

"Na sani. Faɗowa ya yi a zanenki."

Ta dube ni ta ce, "Matan da ke kwanciya a gadon can ba su yi maka laifi ba." Ta ɗebi ruwanta ta wuce.

Na nuna mata makunni, da maɓallin da ke tsayar da hoto, da wanda ke bugo shi a takarda. Iyakar abin da aka ɗauke ni in yi ke nan.

Litinin, azumi na ɗaya. Bayan buɗa baki.

Allah ya nuna mana. Goggo ta aiko mini da fura daga Tungar Idi. Tun ina shekara biyu take ciyar da ni, har yau ba ta yarda ina cin abinci a Kaura ba.

Alhamis, azumi na huɗu. Da azahar.

Akwai abin da ba ya cikin littafi, kuma na tabbata babu shi a Zariya, don wanda ya rubuta littafin bai taɓa ganin mai ciki tana azumi ba.

Injin nan ba ya ganin ƙasan mahaifa sosai sai mafitsara na da ruwa. In ta cika, sai ta fito baƙa wuluk a ƙasan hoton, kamar taga, ta nan ake leƙa bakin mahaifa a ga ko mabiyiya ta zauna a kan hanyar fitar jariri. In ta zauna can, ba a haihuwa a gida. Jini ne ke ɓallewa, ba ciwo, ba sallama. Littafi ya ce a ba mace ruwa kofi huɗu, a jira. To a watan nan wa zai sha maka? Ta taso daga ƙauye tun safe, ta kama ruwa ta yi alwala, ta zo maka a bushe. Kan jariri ya rufe ƙasa, ka ga sama lafiya lau, ka ce komai lafiya lau.

A azumina na farko a aikin nan na gane haka, bayan na kusa yin ɓarna. Tun daga nan mai azumi ba na sallamarta. Ko ta kwana a gari ta sha ruwa da sahur ta riƙe, in duba ta da sassafe, ko ta dawo bayan buɗa baki in tayar mata da janareta. Dakta ma bai san dalilin da ya sa man janareta ke saurin ƙarewa da azumi ba. Bai taɓa tambaya ba sai don ya yi faɗa.

Yau mata shida suka shiga. Ban ji an tambayi ko ɗaya ba.

Ba ruwana. Ni mai kiran suna ne.

Asabar, azumi na shida.

Ba ruwana.

Talata, azumi na tara. Bayan la'asar.

Hindu ta zo.

Ban san za su zo ba. Ina zaune da rajista sai ga motar mata ta tsaya a ƙofa, Goggo ta fito, Hindu na bayanta tana tafiya kamar agwagwa, ta ja gyale ta rufe gabanta wai kada a gani. Wata bakwai! 'Yar Goggo ce, tare muka tashi a ɗaki ɗaya, kwano ɗaya, duka ɗaya. Taubashiyata ce kuma, ba ta taɓa ganina ta bar ni na sha iska ba.

"A'a! Ga likitan bayan labule! An ce an koro ka waje awa akuyar da tac ci dawa."

"Ke baiwata, gaida ubangidanki da ladabi. Mi kika haɗiye haka, kabewa?"

Ta rufe fuska. "Ciwon baya na."

"Ciwon bayan da ya zagayo gaba?"

Goggo ta ɗaga takalmi ta ce in ban rufe baki ba za ta tuna mini da ƙuruciya a gaban mutane. Matan benci suna ta dariya.

Na ga leɓenta a bushe. Na ce, "Azumi kike?"

"Mi za ya hana ni?"

"Kin san an yafe miki."

"An yahe ma wa? Mi gare ni?"

Haka suke. Cikin fari ne, kuma a gidan surukai take. In ta kai loma baki da rana, kamar ta tsaya tsakar gida ne ta yi shela. Gara ta faɗi. Kowa na gani, kowa na yi kamar bai gani ba, ita ma haka.

Na rubuta sunanta, na kira shi da ƙarfi kamar ban san ta ba, ta harare ni ta shige labule. Minti goma. Ta fito ta cilla mini 'yar takardar hoton a kan rajista. "Ga hayaƙinku. An ce lahiya lau."

Na duba hoton.

Sista ta leƙo ta tambaye ni wani abu a hankali. Na ba ta amsa irin tawa.

Na ce wa Hindu ta dawo bayan Sallah a sake dubawa. Ta ce in na ba ta kuɗin mota da na shara da take bi na tun bara. Goggo ta ce daga nan Tunga za ta wuce da ita goyon ciki, sai ta yi arba'in za ta koma gidan mijinta Usmanu. Suka tafi da hoton.

Laraba, azumi na goma. Bayan asuba.

Cikin mata goma, tara ba komai. Ya fi tara ma. Littafi ya faɗa, shafi na ɗari da goma sha huɗu.

Saura wata biyu ta haihu. Sallah kwana ashirin ce.

Alhamis, azumi na sha ɗaya. Da yamma.

Na hau mashin na je kasuwar Shinkafi, wai in sayo dabino. Na samu Usmanu, mijin Hindu, a kara, yana riƙe da igiyar wani bijimi fari. Mutumin kirki ne, dogon Bafillace mai magana kamar ana ƙirga masa ita.

Bayan gaisuwa na ce, "Ka sa a dawo da mutuniyar Kaura, a kwana gari, a sake hoto."

"Ba an yi ba? An ce lahiya lau."

"An ce."

"Akwai wani abu na?"

Ga shi nan, ya tambaye ni. Da na buɗe baki sai na ji abin da zai fito shi ne: ban sani ba, ba a gani ba. Marar takarda yana ƙaryata mai takarda a tsakiyar kara. Na ce, "Babu. Don dai a ƙara tabbatarwa."

Ya yi murmushi ya dubi ƙasa. "Tana wajen Goggo yanzu, Nagoggo. Ni da wane ido zan tahi in ce a ba ni ita? Kai ad ɗan gida. Bari dai a yi Sallah."

Bayan Sallah. Na dawo ban sayi dabinon ba.

Lahadi, azumi na sha huɗu.

Zan je Tunga da kaina. Dakta ya ba ni hutun yini ɗaya, Litinin ta sama.

Laraba, azumi na sha bakwai. Da azahar.

Sista ta daina tambayata. Tana shigowa da wani ɗan littafin makaranta, tana zana abin da ta gani da fensir. Yau na leƙa da ta fita salla. Ta zana kai, ta zana ƙashin cinya, ta rubuta awo. Awon daidai ne. Wallahi daidai ne, na sake lissafawa. Ita kaɗai ta gano.

Sai na ji kamar an ƙwace mini wani abu karo na biyu.

Wata mata daga Jangeru ta fito tana gyara zane, na bi ta waje na ce ta dawo bayan buɗa baki. Ta ce motarsu za ta tashi. Ban matsa ba.

Juma'a, azumi na sha tara. Bayan masallaci.

Musa na kantin magani ya tare ni a ƙofar masallaci. Ya ce ana rubuta sunaye a wani ofis a Gusau, jiha za ta tura matasa karatun aikin asibiti, tunda ana ta gina sababbin asibitoci babu masu riƙe su. Ya ce har da hoton ƙashi. Ya ce wanda ya taɓa aiki a asibiti za a fi dubawa. Ranar Litinin za a rufe.

Litinin.

Tunga ba za ta gudu ba. Ofis zai rufe.

Litinin, azumi na ashirin da biyu. Bayan buɗa baki.

Na je Gusau. Na sa farar rigata ta Sallar bara, na ɗauki littafina da wasiƙar Dakta da ta ce na yi shekara uku ina "taimakawa". Taimakawa!

Mun fi ɗari biyu a layi. Sai bayan azahar na kai gaban tebur. Mutumin ko kai bai ɗaga ba.

"Sakamakon jarrabawa."

Na miƙa. Ya bi da biro. "Babu fiziks."

"Yallaɓai, na iya aikin. In akwai inji a nan, a kawo mai ciki, in gaya maka watanta da kwanakinta."

"Nan ofis ne, ba ɗakin haihuwa ba."

Na buɗe masa littafin a kan tebur. Ya ɗaga shi da yatsa biyu kamar mataccen ɓera, ya ce, "Wa ya ba ka izinin duba mata?" Na ce wanda ya ba shi izinin zama a kujera bai san bambancin mahaifa da mafitsara ba. Aka fitar da ni. Wani a layi ya tafa mini, wani ya ce Allah ya shirye ni.

Abin da ya fi ƙona ni, a mota na yi ta tunani, mutumin bai yi ƙarya ba. Wa ya ba ni izini? In na yi kuskure, wa zai kama ni? Takardar ba don iyawa kaɗai ba ce. Don a san wuyan da za a riƙe ne.

Gobe zan roƙi Dakta ya ƙara mini yini. Ko in tafi ran Juma'a.

Talata, azumi na ashirin da uku.

Laraba.

Ina Tunga.

Alhamis, azumi na ashirin da biyar. Da hantsi.

An yi wa Hindu addu'ar uku. An dafa gumba, an raba wa yara, manya na azumi.

Abin da aka gaya mini zan rubuta, ba abin da na sani ba. An ce bayan sahur ne. An ce ba ta ji ciwo ba, shi ya sa ba ta tashi kowa ba, ta sa tsumma ta koma ta kwanta. Da gari ya waye Goggo ta ga tabarma. An ce ko a lokacin cewa take ba komai, kada a kira maza. Aka ɗaura wa shanu amalanke zuwa bakin titin Moriki. Aka jira mota. An ce ta nemi ruwa a hanya, sa'an nan ta ce a bari, rana ta yi nisa, kada ta ɓata azuminta a banza.

Ba su kai Zurmi ba.

Ni a lokacin ina bayan labule ina ba Musa labarin yadda na wanke mutumin ofis. Ina kwaikwayon muryarsa. Muna dariya.

Rami ɗaya aka yi.

Juma'a.

Usmanu ya zo wurina. Ya ba ni hannu, ya riƙe nawa ya daɗe. Da ma ya mare ni.

Asabar, azumi na ashirin da bakwai. Bayan la'asar.

Goggo ta kira ni ɗaki. Ta rame a kwana huɗu kamar an sauya ta. Ta buɗe kwallarta ta fiddo 'yar takardar hoton, a naɗe cikin ƙyalle.

"Nagoggo, kai ka iya karatun abin ga. Gwada min inda huskar take."

Na zauna kusa da ita. Na nuna mata kai, na nuna mata goshi da ɗan hanci. Ta kai takardar kusa da ido, ta ce hancin na Usmanu ne. Ta yi 'yar dariya. Ta ce, "Mace ta ko namiji?" Na ce ba a gani a nan.

"Ka ga, har asibitinku munka kai ta. Anka duba, anka ce lahiya lau. Mun yi abin da ad daidai. Kwana na ya ƙare, ɗana, kak ka sa ma ranka."

Tana magana ina kallon ƙasan hoton, inda ya kamata baƙar tagar ta kasance. Babu ita. Tun ranar babu ita.

Irin takardar nan ba ta jimre zafi. Nan da damina hoton zai kode, ya koma fari fat. Ban gaya mata ba.

Litinin, azumi na ashirin da tara.

Addu'ar bakwai.

Laraba, Sallah.

Na je idi da rigar Gusau. Babu wanda ya ce mini ubangida marar ko akuya. Babu wanda ya bi ni kuɗin shara.

Asabar, huɗu ga Sallah. Da azahar.

Na koma aiki. Dakta ya yi mini ta'aziyya, ya ce abin na faruwa, ko a manyan asibitoci ana kuskure shi. Ya ce in na so zai taimaka mini in sake jarrabawa baɗi. Na ce na gode. Ya tsaya yana jiran sauran maganar, don bai saba in tsaya a nan ba. Babu saura.

Sista Lubabatu ba ta shiga ɗakin inji ba tun ranar da labari ya zo. Mata na zuwa ana mayar da su. Na same ta a bayan asibiti a kan turmi, ɗan littafinta a cinya.

"Malam Nagoggo, na gaya wa Dakta ba zan je Zariya ba. Ya nemi wata."

"Wace?"

"Oho. Ni dai hannuna ya fita. Ni na kwantar da yarinyar nan, ni na ce mata lafiya lau. Tana ta ba ni dariya, tana cewa in gaya maka ta ce injin ya fi son hannuna." Ta buɗe littafin. "Kwana goma sha ɗaya ina duba zanen da na yi mata. Ban ga inda na ɓata ba. Ka ga ko ban san abin da ban sani ba."

 Ga hanya a buɗe: in ta ƙi, babu wata mace, dole a ɗage labule, dole a dawo da ni. Abin da nake so ke nan tun ranar da na riƙe wa Dakta kujera. Na ji shi a bakina kamar toka.

 Na koma ciki.

Lahadi. Bayan asuba.

Zan rubuta sau ɗaya, kuma ba zan yage shafin ba.

Ranar da Hindu ta zo, na san tana azumi, ni na tambaye ta. Na ga hoton, na ga mafitsara a bushe, na san ba a ga ƙasa ba. Sista ta leƙo ta ce, "Malam Nagoggo, akwai abin da ka gani?" Na ce, "Ni? Ni da ba ni da takarda?"

Kuma ba mantuwa ba ce. So nake ta dawo bayan Sallah, a sake hoto a gaban Dakta, in ajiye biyun a kan tebur in ce ga na mai takarda, ga na marar takarda. Ajiye ta na yi. Na ajiye Hindu kamar hujja.

Kalma huɗu ce: ta kwana, ta sha. Goggo na da 'yar'uwa a nan Kaura, bayan tashar jirgi.

Talata, bakwai ga Sallah. Bayan la'asar.

Jiya na je gidan Sista da littafina. Na tsaya a zaure, ta fito da hijabi, babban ɗanta na gefe. Na gaya mata duka, yadda na rubuta a nan, ban rage ba. Ban taɓa jin muryata ta yi ƙasa haka ba.

 Sa'an nan ta ce, "Mata nawa na duba cikin azumin nan?"

Na ce, "Sittin da ɗaya." Ni ke da rajista.

"Kana da garuruwansu?"

"Ina da su."

"To ba ni za ka ba haƙuri ba. Gobe ka zo da wuri."

Ba ta ce ta yafe ba. Ta dai karɓi littafin da hannu biyu.

Yau da safe muka zauna muka fitar da sunayen waɗanda cikinsu ya wuce wata shida. Ashirin da uku, har da ta Jangeru. Na rubuta wa kowane mai gari takarda. Dakta ya karanta ɗaya, ya dube ni, ya dubi Sista, ya ɗauko hatiminsa ya buga wa duka. Bai yi maganar man janareta ba. Ran Alhamis zan kai na Shinkafi da Jangeru, ran Asabar na Zurmi da Moriki. Zan bi ta Tunga. Ban san ko zan iya gaya wa Goggo ba. Usmanu dai sai na gaya masa, tunda ya tambaye ni.

Sista za ta tafi Zariya ran ashirin ga wata. Kafin nan muna da kwana goma sha takwas. Za ta dawo da takarda mai sunanta, a rataya a bango, ni kuma in riƙe kujera. Na gwada jin haushi, don in ga ko yana nan. Yana nan. Amma ya zama ƙarami, kamar tsakuwa a takalmi.

Wajen ƙarfe goma wata yarinya ta zo daga Moriki, da uwarta. Ta ja gyale ta rufe gabanta. Na tambayi abin da ya kawo ta, ta dubi ƙasa ta ce ciwon baya.

Biro ya faɗi daga hannuna. Na sunkuya na daɗe ina nemansa, alhali ina ganinsa.

Na ce da uwar, "Inna, tana azumi?" Ta ce tana Sitta Shawwal, wai kada a ce ta kasa. Na ce na nafila ne, ta rama wata rana, ko kuma su kwana a gari. Yarinyar ta ƙi ɗaga kai. Sista ta fito, ta ja ta ciki, ta ce in miƙo ruwa ta ƙarƙashin labule, babu mai gani. Na cika kofi a randa na tura. Ya dawo babu komai. Na sake cikawa. Sau huɗu.

Muka jira kusan awa. Na tayar da janareta, na dawo na tsaya a wurina, fuskata na kallon koren ganyen nan.

"Malam Nagoggo, kana nan?"

"Ina nan, Sista."

"Na ga kai."

"Bar kai. Sauko ƙasa, a hankali. Karkata hannunki wajen ƙafafunta. Me kike gani?"

Na kasa kunne. Sai ƙarar janareta.

"Wani abu baƙi. Baƙi wuluk."

"Ita ce tagar," na ce. "Leƙa."